Rigar Ruwan Toka da Kujera ta Huɗu

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar magoya bayan 'yan wasanmu, Mista Alton Grimes. Mai girma Magajin Garin Tillman Ferry. Shugabar makarantarmu, Madam Pruitt, wadda ta ara mana wannan zaure bisa sharaɗin kada kowa ya taka mata daɓe da takalmin ƙwallo. Fasto Mabry na majami'ar Dutsen Zaitun. Malamai abokan aikina. Iyaye maza da iyaye mata, da kakanni waɗanda su ne iyayen wasu daga cikin yaran nan. 'Yan badujalarmu da suka saba busa ko mun ci ko an ci mu. 'Yan wasana na bana da na shekarun baya. Sauran jama'a da kuka rufe shaguna kuka bar gonaki kuka zo, ina yi muku barka da wannan yammaci na Laraba.

Kafin komai, godiya ta tabbata ga Ubangiji da ya nuna mana wani watan Fabrairu. Ina gode wa matan majami'a da suka soya kajin da ƙamshinsu yake hana rabin zauren nan sauraro na. Ina gode wa direban motarmu da ya kai mu kowane lungu na kudancin jihar Jojiya ya dawo da mu lafiya. Ina kuma gode wa iyayen da suka ba ni 'ya'yansu tun suna ƙanana, hular kwanon da ake sawa a wasan nan namu na jifa da karo tana yi musu yawa a ka, suka bar ni na yi musu tsawa a zafin watan Agusta ba tare da sun biyo ni da sanda ba.

Kowa a nan ya san al'adar wannan rana. A shimfiɗa tebur, a zaunar da yaro, a ajiye hular jami'ar da ta ɗauke shi a gabansa. Ya sa hannu a takardar gurbin karatu, ya ɗauki hula ya ɗora a ka, uwa ta fashe da kuka, uba ya yi kamar wani abu ne ya faɗa masa a ido. Yau Tavion da Wendell da Hollis za su yi haka, kuma za mu tafa musu har hannu ya yi zafi. To amma na ga kuna ta leƙe. Yara uku ne a zaune, kujeru huɗu ne, kuma akwai hula a gaban kujerar da babu kowa. Ba kuskuren masu jera kujeru ba ne. A kan wannan kujera zan yi magana, kuma maganata uku ce.

Magana ta farko ita ce yadda ƙofa ta ƙuntata, domin akwai iyayen da har yau suke tare ni a gidan mai suna tambaya: "Koci, yaron nan ya fi yayansa gudu, ya fi shi ƙarfi, yaya aka yi yayan ya samu shi bai samu ba?" Ku saurara da kyau. Kowace babbar jami'a tana da izinin ba 'yan ƙwallo tamanin da biyar karatu kyauta, ba ta ƙara ko ɗaya. Ku ɗauke ta kamar motar majami'armu, kujerunta a ƙirge suke. A da, duk shekara manya su sauka, ƙanana su hau. Ana ba ɗan wasa shekara biyar ya buga kakar wasa huɗu, shekara ɗayan ta zama ce a benci, wadda muke kira jar riga. Sai annobar korona ta zo ta lalata kakar wasa guda, hukumar wasannin jami'o'i ta ce wannan shekarar ba za a ƙirga wa kowa ita ba. Adalci ne, ban musa ba. Yaron da ya yi kakarsa ta ƙarshe a filin da babu 'yan kallo ya cancanci a maimaita masa. Sai dai bayan ɗan sassauci na shekara guda, kujerun motar sun koma yadda suke, na ciki kuwa ba su sauka ba. Ga kuma 'yan wasa masu sauya jami'a, ƙarti masu gemu, waɗanda suka riga suka ga komai. Kocin da aka ce masa ya ci wasa bana ko ya tattara kayansa, wa zai ɗauka, namiji ɗan shekara ashirin da biyu ko yaron da jiya-jiya ya fara aske gemu? Wanda ya sha wahalar wannan lissafi shi ne ɗan sakandare, irin waɗanda suke zaune a bayana.

Magana ta biyu labari ne, kuma yawancinku kun san farkonsa. Bara war haka akwai yaron da ya kamata ya zauna a teburin nan, Darnell Whitlow, ƙaton da yake tsaye a layin gaba yana kare mai jefa mana ƙwallo. Kakarsa, Mama Odessa, ita ta rene shi tun yana goye. Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce ta yi shekaru tana zuba abinci a kicin ɗin makarantar nan, kuma ni kaina ta sha buge min hannu da ludayi ina yaro. Shi ya sa duk garin nan suke ce min Koci Hargrove, ita kaɗai take ce min Lemuel.

Jami'ar Redfield ta yi wa Darnell alkawarin gurbi tun damina. Sun zo gidan, sun ci wainar masarar Mama Odessa, sun ce ba su taɓa cin irinta ba, sun kira ta Mama. Ita kuwa ta je ta sayi hularsu, ta sa a leda ta ajiye a saman kabad. Ana cikin watan Janairu, ana shirin wannan biki, sai waya ta yi ƙara a ofishina. Mataimakin kocinsu ne. Da na ji ya fara da tambayar lafiyar iyali da yanayin ruwa na san babu alheri. Ya ce, "Koci, mun ɗan samu matsala. Akwai yaronmu Cyrus Tate, mun ɗauka zai tafi, sai ya ce zai dawo shekara ta shida. Gurbin da muka tanadar wa Darnell nasa ne." Na ce, "Ka ci abinci a gidan matar nan har ka nemi ƙari." Ya ce, "Na sani, Koci. Amma ba mu yar da shi ba. Za mu ba shi rigar ruwan toka."

Ga baƙin da ba su san harshenmu na 'yan ƙwallo ba, babu wata riga. Suna ne kawai. Ma'anarsa yaro ya zauna a gida ya bar kaka guda ta wuce, kada ya shiga kowace jami'a a matsayin cikakken ɗalibi, sai watan Janairu na gaba idan wani ya sauka a ba shi kujera. Alkawari ne na fatar baki, babu abin da ya ɗaure kowa. Raina ya ɓaci, kuma har yau idan na tuna yana ɓaci, domin a lokacin sauran jami'o'i duk sun cika motocinsu.

Na je gidan Mama Odessa da rana tsaka na same ta tana ɓare wake a baranda, Darnell yana zaune a ƙasa. Na yi bayani iya yina. Yaron ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Ita kuwa ta ɗago ta ce, "Lemuel, rigar ruwan toka suka ce?" Na ce, "E, Mama, amma ba riga ba ce ta sawa." Ta ce, "Riga ce ko ba riga ba ce?" Na ce, "Suna ne, Mama." Ta ce, "Kai da surutu tun kana ƙarami. Mai dogon hannu ko gajere?"

Ranar Lahadi sai ga Darnell a majami'a cikin riga ruwan toka mai dogon hannu, an sa mata sitati an goge ta har tana iya tsayuwa da kanta. Fasto Mabry yana nan, shi ne shaidata. Ta ɗinka ta da hannunta, domin babu kantin da yake sayar da girmansa. Gari ya ɗauka. A shagon aski aka riƙa cewa tsohuwa ba ta gane ba, wai ta ɗauka kayan makaranta ne. Yara suna tsokanarsa, "Darnell, ina wandon tokar?" Ranar bikin sa hannu na bara bai zo ba. Hular tana nan a saman kabad cikin ledarta.

Shi kuma Cyrus Tate, wanda babu wanda ya taɓa ganinsa a garin nan, ya sha zagi a shagon askin nan. Wani ya ce, "Mutumin nan sai ya karɓi fansho zai bar jami'a." Wani ya ce, "An ce da jikokinsa yake zuwa atisaye." Aka yi ta dariya, kuma duk wanda ya yi dariyar yana ganin yana taya Darnell kishi ne.

Watan Agusta ya zo, abokan Darnell suka tafi, shi ya rage. Ya kama aiki a sito na gyaɗa, yana loda buhuna, da asuba ya zo nan ya ɗaga ƙarfe shi kaɗai kafin yara su iso. Jama'a, jira yana da wuya ga babba, balle ga ɗan shekara goma sha takwas da yake kallon sa'o'insa a talabijin ranar Asabar. Wajen Oktoba ya fara fashin zuwa. Na same shi a sito, ƙurar gyaɗa har gira. Ya ce, "Koci, manaja ya ce zai ba ni tuƙin motar ɗaga kaya, aiki na dindindin. Mutanen can ko waya sun daina yi min. Wa nake yi wa wahala?" Abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ce, "Ka gaya wa kakarka?" Ya ce, "Koci, kai ka je ka gaya mata." Na ce, "A'a, ni ina son raina." Muka yi dariya, amma tsoro ya kama ni ƙwarai, domin na ga yara da yawa sun shiga siton nan da niyyar wata uku, yau wasunsu furfura ta fito musu a can. Duk da haka kowace Lahadi sai ya sa rigar, domin kowace Asabar sai ta goge ta ta rataye masa a ƙofar ɗaki. Ranar Litinin kuma sai in gan shi a ɗakin ƙarfe yana gunaguni.

Sai abin da nake tsoro ya faru. A ƙarshen Nuwamba jami'ar ta sallami babban kocinta da duk mataimakansa, har da mai cin wainar masara. Aka kawo sabon koci daga wata jiha, mutumin da bai san Darnell ba, bai yi masa alkawari ba, kuma yana da jerin ƙarti masu gemu da suke son biyo shi. Na yi waya har na gaji, sai a ce yana taro. A raina na riga na yanke ƙauna, har na fara tunanin yadda zan gaya wa yaron.

Mama Odessa ce ta kira ni. Ta ce, "Lemuel, motarka tana da mai?" Washegari muka kama hanyar Redfield mu uku. Ita a gaba da hularta ta majami'a da jaka a cinya, Darnell a baya cikin rigar ruwan toka, gwiwoyinsa suna dungurin kujerata. Muka zauna a ɗakin jira har aka tashi cin abincin rana. Sakatariya ta ce koci ba shi da lokaci yau. Mama ta ce, "Ba komai, 'yata, ni ina da shi." Da mutumin ya fito zai wuce, sai ta miƙe ta tare hanya. Ba ta kai masa kafaɗa ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, gidan nan ya ce jikana ya sa rigar ruwan toka har Janairu. Ga ta nan a jikinsa. Tun farkon shekarar nan yake sa ta, ana yi masa dariya. Shi ya cika nasa. Ina taku rigar?"

Kocin ya dube ni, na dubi silin. Ya yi murmushi ya ce, "Mama, ai wannan suna ne kawai, kuma ba ni na yi alkawarin ba." Ta ce, "Da suka zo gidana ba sunansu ne a ƙirjinsu ba, sunan makarantar nan ne. Shi ne kuma a naka ƙirjin."

Ana cikin haka sai wani ƙato ya tsaya a bakin ƙofa, ɗauke da jakar kayansa a kafaɗa da jaririya a hannu ɗaya, yana ɗan ɗingishi. Ya zo sallama ne, kakarsa ta ƙarshe ta ƙare. Ya ji komai. Ya dubi rigar, ya dubi Darnell, ya ce, "Kai ne yaron Tillman Ferry?" Darnell ya ce, "Ni ne." Ya ce, "Ni ne Cyrus Tate."

Jama'ar shagon aski, ga mai fanshon naku. Ɗan shekara ashirin da uku ne. Gwiwarsa ta tsage a shekararsa ta uku, matarsa tana da ciki lokacin da aka ba shi zaɓi, kuma saura masa shekara guda ya kammala karatun da babu wanda ya taɓa kammalawa a gidansu. Wane ne a cikinmu zai sauka daga motar nan a wannan hali? Ya juya ya ce wa sabon kocin, "Koci, ba ka san ni sosai ba, kuma yau nake tafiya, ba ni da abin nema a wurinka. Amma kujerar da na bari ba fanko ba ce. An gaya min tun farkon shekara akwai yaron da yake jira saboda ni, kuma duk wasan da na buga sai na tuna da shi. Ka kalli hotunan wasansa kafin ka ba wani."

Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take aka rungume juna ba. Kocin ya ce zai duba, iyakar abin da ya ce ke nan. Muka kamo hanyar gida. A hanya na ce, "Mama, da gaske ba ki gane ba ne, ko kuwa?" Ta harare ni ta ce, "Lemuel, ni na koya maka ƙirga canji. Na gane tun kafin ka rufe baki. Amma abin da aka faɗa da baki kowa yana iya cewa ya manta. Na so yaron nan ya riƙa ganin alkawarin a jikinsa, su ma su gan shi da idonsu." Daga nan ta ce in rage gudu.

Kafin Kirsimeti waya ta yi ƙara, kuma wannan karon ba a tambaye ni yanayin ruwa ba. A watan jiya Darnell Whitlow ya shiga Jami'ar Redfield da cikakken gurbin karatu, kuma shekarunsa biyar duk suna gabansa, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Magana ta uku gajeriya ce, kuma ta iyaye ce da yaran da babu hula a gabansu yau. Iyaye, idan mai neman 'yan wasa ya zauna a falonku, ku ba shi abinci, amma ku tambaye shi kai tsaye: kujerar nan a hannu take, ko sai wani ya sauka? Idan aka sallame ka, wa zai tuna da ɗana? Ku tambaya, kada kunya ta hana ku. Kada kuma ku zagi yaron wani da ya ƙara shekara, shi ma akwai mai yi masa addu'a a wani gari. Ku kuma yarana, da ku nake, ina ganinku a layin baya kun harɗe hannu. Akwai ƙananan jami'o'i, akwai kwalejojin shekara biyu, akwai jira. Ba kowa ne jira yake yi wa kyau ba, ba zan ruɗe ku ba. Amma waɗanda korona ta ƙara wa shekara suna sauka sannu a hankali, motar ta fara motsi, kuma ƙofar ɗakin ƙarfe a buɗe take da asuba ga duk wanda ya taɓa sa rigar makarantar nan, ko ya gama ko bai gama ba.

Yanzu sai kujera ta huɗu. Kocinsa ya ba shi izinin yammacin yau. Darnell, shigo. Ku bar shi ya wuce, ƙofar ce ta yi masa kaɗan. Zauna, ɗana. Mama Odessa, ki zo, hular nan taki ce, ke kika saya, ke za ki sa masa. Ku duba, ko ledar ba a cire ba.

Rigar kuwa ga ta a hannuna. Da safe ta kawo min ita a wanke a goge. Na ce zan sa ta a gilashi kusa da kofunanmu. Ta ce, "Gilashin me? Rataye ta a ɗakin sauya kaya. Wani yaron zai buƙace ta." Girmanta zai ishi kowa a garin nan, har da Magajin Gari. Daga gobe tana nan a ƙugiya ta farko, kusa da ƙofa.

Ubangiji ya albarkaci waɗannan yara huɗu, ya kiyaye gwiwoyinsu da kawunansu, ya sa su dawo mana da takardar kammala karatu ko da ƙwallon ta tsaya. Ya albarkaci Cyrus Tate da matarsa da 'yarsa a duk inda suke. Ya ba masu jira haƙuri, ya ba masu alkawari ikon cikawa. Ya ƙara wa Mama Odessa lafiya da tsawon rai, ta ga jikanta ya fito filin wasa cikin rigar jami'ar da ta je ta karɓo masa. Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.

Na gode.